Me ya sa staph ke zaune lafiya a hanci amma ya haddasa maruru a fata?

Ɗalibar_Maikro:
Assalamu alaikum malamaina. Kusan mutum 1 cikin 3 na ɗauke da Staphylococcus aureus a hanci ba ciwo ba komai, amma ƙwayar nan ɗaya ce ke haddasa maruru da ƙurji mai mugunya. An ce tsarin agr ne ke juya ta. Ta yaya yake aiki? Kuma in aka toshe shi, an gama da cutar ke nan?

Malamin_Bakteriya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Agr hanya ce da ƙwayoyin ke ƙirga yawansu. Kowace ƙwaya na haɗa wani furotin, AgrD, sai AgrB da ke jikin fatarta ya yanka shi ya ɗaure bakinsa kamar zobe, a fitar da shi waje. Wannan ɗan guntun shi ne AIP, tsawonsa amino asid 7 zuwa 9 kacal. In ƙwayoyin kaɗan ne ko suna warwatse, AIP ɗin watsewa yake yi, ba wanda ya ji shi. In suka taru a wuri matsattse kamar ramin gashi, sai ya yi yawa ya kama AgrC, wato furotin da ke jin sa a jikin ƙwayar, shi kuma ya ɗora wa wani furotin na ciki, AgrA, fosfet ya tayar da shi.

AgrA na kunna maɓalli biyu. P2 na ƙara yawan kayan tsarin kansa, shi ya sa da zarar ya tashi yake ruruwa. P3 kuma na fitar da wani RNA mai ba da umarni, RNAIII, mai tsawon nukliyotayid 514, kuma nan ne aikin yake: yana rage furotin na maƙalewa da ɓuya irin su furotin A, yana danne Rot, furotin da ke hana haɗa dafi, yana buɗe hanyar dafin alfa da sauran masu narka nama. Dafin alfa na kama ADAM10, wani furotin da ke jikin ƙwayoyin fata, ya huda su. Su kuma ƙananan dafin da ake kira PSM, waɗanda AgrA ke kunnawa kai tsaye, suna fasa fararen ƙwayoyin jini, har daga ciki bayan sun haɗiye bakteriyar. Gawarwakin waɗannan su ne kaso mai yawa na mugunya. Wato da farko ta lafe ta maƙale, sai ta ga sun yi yawa sannan ta saki dafi. Irin staph da ake kira USA300 da ya addabi Amurka da ƙuraje agr ɗinsa na da ƙarfi sosai, kuma PVL, dafin da ake yawan samu a staph na Afirka ta Yamma, shi ma yana ƙarƙashin agr.

Likitan_Fata:
Malam ya yi bayani. Abin da zan ƙara shi ne AIP ba iri ɗaya ba ne. Ƙungiyar Richard Novick a Jami'ar New York ta nuna a 1997 cewa AIP na wani rukuni na toshe AgrC na wani. Rukuni 4 ne a S. aureus. Na 1 da na 4 amino asid ɗaya ya raba su, shi ya sa ba sa gaba sosai da juna. Abin da ya fi muhimmanci a fata shi ne maƙwabta: S. epidermidis da S. hominis da ke zaune a fatar mai lafiya suna fitar da nasu AIP da ke rufe wa S. aureus kunne. A ciwon egzima wannan daidaito ke rushewa, aureus ya mamaye wurin, dafin delta da RNAIII ke ɗauke da umarnin haɗa shi ya tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, ƙaiƙayi ya ƙaru, sosawa ta ƙara buɗe fata. Jiki ma na da nasa makami, domin apolipoprotein B na cikin jini na kama AIP, sinadaran da fararen ƙwayoyin jini ke fesawa kuma na lalata shi.

Tambayarki ta biyu kuwa, a'a. A gwajin ɓeraye na 2005, AIP mai toshewa ya hana ƙurji haɗa ruwa ne saboda an ba da shi tun farkon shigar ƙwayar, lokacin da agr ke tashi cikin awannin farko. Mara lafiya kuwa sai bayan kwanaki yake zuwa, dafi ya riga ya yi ɓarna. Sannan staph da agr ɗinsa ya mutu ya fi iya shimfiɗa yauƙi a kan kanula da ƙarfen da ake sa wa ƙashi, kuma ana yawan samun irinsa a cutar jini mai ƙin warkewa. Sinadarai masu toshe agr irin su savirin da solonamide B duk suna matakin bincike. Don haka ƙurjin da ya nuna, tsaga shi da kwashe mugunya a asibiti shi ne magani na farko, likita ya ƙara kotirimozazol ko kilindamaisin in da buƙata. Kilindamaisin na da fa'idar rage haɗa dafi. Don Allah a daina matse maruru na tsakanin hanci da leɓe, jijiyoyin wurin na da hanya zuwa cikin kai.

MaiLab:
In kina son ganin aikin agr da idonki, abu ne mai sauƙi. Ki ja layin RN4220, wani irin staph na lab, a tsakiyar faranti mai jinin tunkiya kashi 5 cikin 100, ki ja layin ƙwayar da kike gwadawa a gicciye har kusa da shi ba tare da sun taɓa ba, ki sa a digiri 37 na awa 18 zuwa 24. RN4220 na fitar da dafin beta, in taki ƙwayar na da agr mai rai dafin deltanta zai haɗu da shi, za ki ga jinin ya washe sosai inda suka yi kusa. Kada ki yi da jinin mutum ko na doki, na tunkiya ne dafin beta ya fi kamawa. Kuma washewar ba ta dafin delta kaɗai ba ce, sauran PSM na da hannu, don haka in sakamakon na rubutawa ne sai ki tabbatar da auna RNAIII da RT-PCR, wato gwajin auna RNA. A kula da yawan sake shuka ƙwaya, agr na lalacewa da kansa a lab. Ki riƙa ɗebo sabo daga abin da aka daskare a digiri 80 ƙasa da sifiri.