Shawarar da aka tsayar kan sauya kamshaf da gyaran top silinda

A tattaunawar da makanikai da masu motoci suka yi a Ƙofar Ruwa, Kano, bakinsu ya zo ɗaya: motar zuwa aiki kullum ba ta son babban kamshaf, wato sandan da ke buɗe bawul-bawul na injin. Irinsa yana barin bawul a buɗe ya daɗe, sai ƙarfin injin ya koma can sama, inda sai ka taka totur sosai. Mai rarrafe a cunkoson Titin Zariya ko Kurna kuwa, ƙarfin ƙasa yake buƙata. Da babban kamshaf, ga sulo mai kakkarwa idan mota na tsaye, ga shan mai, har burki kan yi tauri saboda zuƙar iskar injin ta ragu. Matsakaici suka zaɓa, ni ma shi nake goyon baya.

Kan top silinda, wato murfin saman injin inda bawul suke, aka fi ja-in-ja. Masu son a kankare shi sun ce matsin iska da mai a cikin silinda zai ƙaru. Gaskiya ne, amma da zafin Kano na Afrilu da irin fetur ɗinmu, injin zai iya fara ƙwanƙwasa, ya ci gasket. Gara a wasa mazaunin bawul, a gyara hanyoyin iska kaɗan.

A sa sifirin ɗin bawul da ya dace da sabon kamshaf, a auna tazarar bawul da fistin, sannan a sake saita kwamfutar motar.