Umra da damina ta Adis Ababa: in tafi da Inna ko mu jira sanyi?

Ɗan Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina son kai Inna Umra cikin watan Agusta. Ta haura 70, tana da hawan jini, ba ta taɓa hawa jirgi ba. Mai ajans ya ce mu tashi daga Kano, mu yada zango a Adis Ababa, sai Jidda. An ce lokacin damina ce a Habasha, ga duwatsu, jirgi na shan jijjiga. Wanda ya bi hanyar nan da damina ya gaya mini abin da ya gani. Mu tafi ko mu bari sai sanyi?

Baban Sadiya: Allah ya karɓa. Ni da azumi na tafi, lafiya lau. Ka dai saya mata takalmi mai laushi saboda ɗawafi.

Hajiya ta Garin Malam: Ƙanena, saurara. Da damina muka bi hanyar nan ni da yayata. Ana cikin raba shayi, saura kaɗan a fara sauka, sai jirgin ya zurma ƙasa kamar guga ya tsinke a rijiya. Yaya ta taso daga makewayi ke nan, ba ta kai kujera ba, kanta ya bugi wurin ajiye jakunkuna. Shayi har rufi. Ta taga ba ka ganin komai sai baƙin hadari da walƙiya. Wani dattijo a bayana sai kalmar shahada yake, ya riƙe mini mayafi bai sani ba. Da muka sauka aka kawo keken guragu, aka miƙa mana takarda da Turanci mu sa hannu, shi ke nan. A keke ta yi ɗawafi, ni ke turawa. Har yau wuyanta bai juyawa dama, kamfanin ko sannu.

Tsohon Meteyo: Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Ni tsohon ma'aikacin auna yanayi ne. Amma a lura, a tsaye take. Adis Ababa na bisa tudu, sama da mita 2,300, damina can daga Yuni zuwa Satumba. Iska mai laima in ta bugi dutse sai ta hau sama, hadari ya haɗu, cikinsa wata iska na hawa wata na sauka. Matuƙa na ganinsa a na'ura su kauce, amma na'urar ruwa take gani, ba ta ganin gargadar da ke gefen hadarin. Jirgin Singafo na 21 ga Mayu 2024 a sararin ƙasar Bama (Myanmar) abin ya same shi, ya zurma wajen mita 54 cikin daƙiƙa ƙasa da 5, mutum ɗaya ya rasu, waɗanda ba su ɗaura ɗamara ba su suka bugi rufi. Ɗan Zango, nemar mata kujera daidai fiffike, ta shiga makewayi kafin a tashi, kada ta kwance ɗamarar kujera ko fitilar ɗamara ta mutu.

Hajiya ta Garin Malam: Malam, ka taɓa shiga jirgi da hadari, ko daga ƙasa kake auna shi? Mutum zai yi awanni bai zagaya ba? Tsohuwa ce fa.

Tsohon Meteyo: Ban ƙaryata ki ba, Hajiya. Shekaruna a aikin nan sun fi na wasu a duniya.

Ɗan Mirya: Duk ku bar wannan. Ba jirgin nan ne hadari ya kayar a Tenere ba?

Tsohon Meteyo: A'a. Na Tenere a 1989 bam ne. Wanda kake nufi na Yulin 2014 ne, daga Wagadugu za shi Aljeriya, ya faɗi kusa da Gosi a Mali, mutum 116. Shi ma ƙanƙara ce ta toshe ma'aunin injin, ba girgiza ta karya shi ba.

Ɗan Mirya: To ai ka ƙara tsorata yaron.

Sarkin Shayi: Wanda ya saba da hanyar Tanut a bayan mota ƙirar ɗaukar kaya, wace jijjiga za a nuna masa? Inna ta ci jarrabawa tun kafin a haife ka.

Baban Sadiya: Nawa ma ya ce maka? Ni miliyan ɗaya da jika 300 na sefa na biya, har masauki.

Ɗan Zango: Miliyan ɗaya da jika 700 kowane mutum.

Maman Biyu: Kai! Maƙwabciyata jika 950 ta biya ta Kano.

Baban Sadiya: Wannan ba da masauki ba ne, Maman Biyu, ko kuma an ajiye ta inda sai ta hau mota kafin ta ga Harami.

Maman Biyu: Ita dai ta dawo da ƙafafunta. Ka lissafa canjin Naira kafin ka yi gardama.

Hajiya ta Garin Malam: Ana maganar wuyan mutum kun koma ciniki. Ni dai na faɗa, a jira sanyi.

Tsohon Meteyo: Da sanyi hadari na raguwa, gaskiya ne. Sai dai dutse na tayar da gargada ko sama tas take. Jirgin da ya faɗi a Dutsen Fuji na Japan a 1966, rana ce garau.

Sarkin Shayi: Malam, don Allah ka daina kawo shekaru.

Ɗan Mirya: Ni abin da ke ci mini rai, me ya sa tsohuwa za ta sha kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ko ta tsaya layin iyaka zuwa Kano, alhali ga filin jirgi a bayan gari? Damagaram fa, garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926!

Maman Biyu: Faɗa musu. Mahaifina kafin bas ta kai Doso ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Wannan ya fi wahalar da shi a kan jirgin.

Ɗan Zango: Na gode. Amma kujerar fiffike, mai ajans ke zaɓa ko sai a filin jirgi?

Baban Sadiya: Wane ajans ne tukuna? Turo mini sunan ta gefe, jika 700 ɗin nan ba ta kwanta mini ba.