Dan Allah masu haɗa kyandir, me yasa nawa baya ƙamshi in an kunna?

Maman Hassana:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kyandir mai ƙamshi. Ni dama turaren wuta da humra nake haɗawa ina sayarwa a gida nan Kano, to sai kwastomomi suka fara tambayata kyandir irin na cikin kofin gilas ɗin nan musamman amare da masu ƙananan ɗakuna da basa son hayaƙin gawayi. Na sa aka kawo min kakin waken suya daga Legas irin farin nan mai ɓarɓashi na haɗa, in kin buɗe murfin kin shinshina ƙamshi kamar me amma da an kunna shiru, falo baya ɗauka ko kaɗan sai kin kai hanci kusa. Da na ƙara turare kuma sai ya koma tsatsafo da mai a sama. Turaren shafawa na mai da muke saya a kasuwa nake sawa wani lokacin in ɗan ɗiga humra. Ko kakin ne ba mai kyau ba?

Anti Mai Kyandir:
Wa alaikumus salam Maman Hassana. Kakinki lafiyarsa ƙalau inaga, turaren ne. Dan Allah ki daina sa humra gaba ɗaya, duk abinda yake da ruwa ko sifirit baya haɗuwa da kaki kuma sifirit kusa da wuta hatsari ne wallahi. Su kuma turarukan shafawa na kasuwa da yawa an sirka su da wani sinadari DPG, shi ma baya shiga kaki sai ya ware ya kwanta a ƙasan kofi ko ya taso sama, shine man da kike gani. Ki nemi man ƙamshi wanda aka yi don kyandir, ki tambayi mai sayarwa kai tsaye ko na kyandir ne kafin ki biya.

Sai awo. Ba da cokali ko murfin kwalba ake yi ba, sikeli ake sawa na kicin mai nuna giram. Kakin waken suya yana ɗaukar mai kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, ni a 8 nake tsayawa wato kaki giram 500 mai giram 40. In kika wuce 10 kakin baya iya riƙewa, asarar turare kawai kuma lagwanin ya toshe wutar ta riƙa yin ƙasa, ƙamshin ma raguwa zai yi maimakon ya ƙaru.

Wajen narkarwa kar ki ɗora shi kan wuta kai tsaye, ki zuba ruwa a tukunya ki sa kwanon kakin a ciki. Ki barshi ya kai digiri 85 na Celsius sai ki sauke ki zuba man a lokacin, ki juya a hankali minti 2 cur ba gaggawa, mutane da yawa suna jira ya huce wai kar ƙamshin ya gudu alhali in ya huce man baya gauraya da kakin yadda ya kamata. In ya sauko wajen 55 zuwa 60 sai ki juye a kofi. Sannan abinda yafi wa mutane wuya, ki rufe ki ajiye sati 1 zuwa 2 kafin ki kunna. Na waken suya haka yake sai ya kwanta kamar yadda humrarki take ƙara daɗi in ta kwana biyu a kwalba.

'Yar Zariya:
Duk abinda Anti ta faɗa haka ne, amma Maman Hassana ki duba lagwaninki ma. Ƙamshi daga narkakken kakin da ke sama yake tashi, in lagwani yayi wa kofin ƙanƙanta rami kawai zai yi a tsakiya gefe duk a daskare to ta ina ƙamshi zai fito. Ki kunna ki gani cikin awa 2 zuwa 3 ko saman ya narke har bakin gilas, in bai kai ba ki ƙara girman lagwani, in kuma wutar tayi tsawo tana baƙin hayaƙi gilas ya ɗau zafi sosai ki rage. Lagwani masu lamba CD ko ECO su aka fi sawa a waken suya, in kofin mai faɗi ne biyu ake sawa. Ki riƙa datse shi ya rage kamar milimita 5 kafin kowace kunnawa kuma kar ya wuce awa 4 a kunne. Sannan ke da kike wuni cikin turare hancinki ya saba, ki kunna a ɗaki ki kashe fanka ki ja ƙofa ki fita, in an jima ki turo wani ya shiga ya faɗa miki gaskiya.

Baban Abba:
Hajiya ni zan ɗan saɓa da su kaɗan. Ko kin bi komai daidai, zallan waken suya ƙamshinsa mai sanyi ne, mu kuma nan mutanenmu sun saba da turaren wuta da yake kama labule da kujeru, in suka saya suna jiran irin wannan zasu ce kin cuce su. Kakin farafin yafi shi jefa ƙamshi nesa shi yasa wasu ke sirkawa, ki gwada kashi 70 waken suya 30 farafin ki kwatanta, sai dai in kin sirka ki faɗa wa mai saye kar ki rubuta zalla. Ga kuma zafinmu, kakin waken suya irin su Golden Brands 464 kafin digiri 50 sun narke, a watan Afrilu da gari ke kaiwa 40 in kika ba ɗan aike ya saka a but ɗin mota ko ya barshi a rana zai isa yana zufa. Sirkin yana taimakawa nan ma.

Maman Hassana:
Allah ya saka muku da alkhairi, wallahi na ƙaru sosai. Anti bani da ma'aunin zafi ba yadda zan gane da ido? Kuma wane ƙamshi ne yafi kamawa don kwastomomina oud suke so

Anti Mai Kyandir:
Da ido ba zai yiwu ba ƙanwata, ki sayi na kicin mai tsinke wajen masu kayan kek ba tsada. Oud yana kamawa sosai haka sandal da amba da banila, masu lemo-lemo su ne ke saurin bajewa a wuta. Ki fara da kofi uku ƙanana, mai kashi 6 da 8 da 10, ki liƙa takarda a gindin kowanne da ranar da kika zuba, kar ki saka a firij don ya yi saurin daskarewa zai tsattsage. Bayan sati 2 ki dawo nan ki faɗa mana wanne yafi.