An zubar da buhun magani a rafinmu, shi ya kashe kifi?

Ɗan Masunta, wajen Ringim:
Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san harkar magani ya fitar da ni daga duhu. Gidanmu su muke yi kaka da kakanni, a wani rafi da ke zuba cikin Kogin Haɗeja. Ranar Talata da asuba na raka Baba duba koma, sai ga ƙananan karfasa birjik a kan ruwa, ciki sama. Tarwada kuwa ko ɗaya ba mu gani a mace ba. Muka bi gaɓa har ƙarƙashin kwalbati, muka tarar da buhun taki cike da katin ƙwayoyi, kwalaben maganin tari na yara, har da na allura. Ruwa ya cinye rubutun yawancinsu, amma na karanta paracetamol da diclofenac, ga kuma kafso ɗin nan ja da rawaya sun jiƙe sun manne da juna. Baba ya ce wani mai kemis ne ya rabu da kayan da suka lalace. Shin wannan ne ya kashe kifin? Inna dai ta hana a kai ko ɗaya kasuwa.

Mai Duba Dabbobi, Wudil:
Wa alaikumus salam. Inna ta yi daidai, kifin da ba a san ajalinsa ba ba na ci ba ne. Amma ɗan'uwa, ina shakkar buhun nan shi kaɗai ya yi wannan ɓarna a dare guda. Bincika ko an wanke shanu da maganin kaska a wurin, ko wani ya ɗauraye injin feshi. Cypermethrin, maganin ƙwarin da ake zubawa ciki, dafi ne ga kifi, kaɗan ya isa. Sannan rani ne, ruwa ya ja baya ya yi zafi, iskar cikinsa ta ragu. Tarwada tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, karfasa ba ta da wannan gata, shi ya sa ita ke fara faɗuwa.

Diclofenac ɗin da ka gani kuma ba abin rainawa ba ne. A Indiya an riƙa yi wa shanu allurarsa, ungulaye suka ci mushen, ƙodarsu ta lalace, wasu jinsunan fiye da kashi 95 cikin 100 suka ƙare kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Ko ivermectin da muke yi don tsutsar ciki yana fita a kashin saniya da ƙarfinsa, ya kashe buzuzu, in ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi ya kashe ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci.

Malamar Harhaɗa Magunguna, Dutse:
Na yarda da Malam na Wudil. Illar maganin mutane a ruwa ba ta zuwa da ihu, a hankali take ci. Kuma yawancinsa ba ta buhu yake shiga ba, ta fitsari da bayan gida ne, don jiki ba ya narkar da duk abin da aka sha. A 2022 masana ƙarƙashin Jami'ar York ta Ingila suka auna koguna 258 a ƙasashe 104. Maganin ciwon suga metformin da na farfaɗiya carbamazepine suna cikin waɗanda aka fi samu, kuma sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren, yawan maganin ya kai inda ake tsoron cutarwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da aka yi a wani tafki a Kanada. An zuba ɗan mitsitsin sinadarin ƙwayar tsarin iyali, mazajen wani ƙaramin kifi suka fara nuna halittar mata, haihuwa ta tsaya, cikin 'yan shekaru kusan babu su. Ba wanda ya ga gawa a kan ruwa, kifin ne kawai ya daina zuwa. Kafso ja da rawayan nan kuwa tetracycline ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta, irinsa a ruwa ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma ruwan nan shi yara ke wanka ciki.

Ku sa safar roba ku fito da buhun, ku yi hattara da allurai. Kada ku ƙona a tsakar gida. Ku sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, lalata irin wannan kaya aikin NAFDAC ne.

Dattijon Minjibir:
Yaro, zo dam ɗin Wasai ka ga abin da rafin Jakara ke kawo mana daga birnin Kano, za ka gode wa Allah da naku buhu ɗaya ne.

Ɗan Masunta, wajen Ringim:
Na gode ƙwarai. Baba na Minjibir, Allah ya kawo muku sauƙi. Malam, ka canka: ƙanin Baba da bakinsa ya ce ranar Litinin da yamma ya wanke injin feshin tumatir a mashayar rafin, yanzu sai sosa ƙeya yake. Buhun mun fito da shi da ƙugiya, yana rumfa a ɗaure inda awaki ba sa kaiwa. Hajiya, ranar kasuwa zan biya sakatariya, in ban sami kowa a ofis ba zan dawo in tambaye ki.