Murabus ya yi ko korarsa aka yi?

Ɗan Sito: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake. A kamfanin casar shinkafar da nake aiki, wani dillali ya ɗora buhunmu a sikelinsa ya ga kilo 47 maimakon 50. Ya auna goma, duk haka. Magana ta fasu, jiya aka sallami yaron da ke kan sikeli, ga shi da mata da jariri. Manaja ya tara mu ya ce shi bai san komai ba. To wa yake zuwa duk Asabar yana cewa dole buhuna su kai adadi kaza, ko shanshera nawa aka kawo? Ni dai na ce shugaban da aka yi ha'inci a ƙarƙashinsa, ya sani ko bai sani ba, laifinsa ya fi na yaron. Ku dubi Volkswagen na Jamus. Ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin maguɗin da suke yi a gwajin hayaƙin motocinsu na dizal, kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Kwana biyar tsakani shugabansu Martin Winterkorn ya yi murabus, ya ce ya ɗauki alhaki duk da bai san ya yi wani laifi ba. Namu ko haƙuri bai bayar ba.

Maman Sadik: Subhanallah. Allah ya buɗa wa yaron wata ƙofar. Tauye mudu fa sura guda aka saukar a kansa.

Akanta: Malam Ɗan Sito, gyara kaɗan. Winterkorn ba murabus ya yi ba. Ana gobe zai tafi ya fito a bidiyo yana ba da haƙuri, babu alamar mai shirin barin kujera. Washegari manyan kwamitin da ke sa ido kan kamfanin suka zauna, sai ga takarda. Wannan sunansa kora da lallami.

Ɗan Sito: Yallaɓai, ko ma dai mene ne ai ya sauka. Maganata a kan alhaki take.

Akanta: A'a, kalma tana da muhimmanci. Kai ka kawo shi a matsayin mai mutunci. Wanda aka nuna wa ƙofa ba ya cin ladan fita.

Baban Ummi: Akanta kana wurin zaman ne? Takarda ta ce murabus, jaridu sun ce murabus. Kawo hujja.

Akanta: Alhaji, hujjar me kuma? Mutumin da ke kan kujera tun 2007, albashinsa na 2014 ya kusa yuro miliyan 16, shi ne zai tashi don kansa?

Baban Ummi: Wannan zato ne, ba hujja ba.

Malam Na Ƙofar Mata: Ni duk ban ga abin musu ba. A Hausa murabus bai taɓa nufin sai da son rai ba. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya, a 1963, bayan binciken kuɗin En'e, murabus aka ce ya yi ya tafi Azare. Akwai wanda ya yarda don nishaɗi ya bar gidan Dabo? Murabus rigar mutunci ce da ake yafa wa babba in za a sauke shi. Ƙaramin ma'aikaci ne ake kora.

Akanta: Ka ji! Malam ya faɗi abin da nake faɗa.

Baban Ummi: Malam ya rushe abin da kake faɗa dai. Ya ce kalmar ta dace.

Jar Hula: To shi jikansa Sarki Sanusi na biyu fa, ranar 9 ga Maris 2020? Ko rigar mutuncin ba a yafa masa ba, tuɓe shi aka yi aka kai shi Nasarawa. Alhamdulillah da 2024 ta zo aka mayar da shi sarauta, gaskiya ta yi halinta.

Ɗan Gwammaja: Wace gaskiya? Maganar da aka yi ta ja a kotu? Ku dai ba a magana sai kun cusa hularku.

Jar Hula: Ciwon ne har yanzu bai warke ba?

Baban Ummi: Doka ta uku ta wannan zaure: ba siyasa. Wanda ya ƙara zan cire shi, ko wane ne.

Jar Hula: Alhaji ai Malam ne ya fara kawo sarauta, shi ba ka ce masa komai ba.

Oga Makanike: Ku bar sarakuna ku ji yadda abin yake, don na ga kamar ba a fahimta ba. Wata manhaja suka dasa a kwamfutar injin. In tayoyi suna juyawa sitiyari kuma ba ya motsi, sai ta gane a ɗakin gwaji ake, ta kunna duk abin tace hayaƙi. Da an hau titi ta sassauta, hayaƙin mai guba ya kai har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Masu bincike na jami'ar West Virginia ne suka ɗaura na'ura a bayan motocin suka zaga da su a titi, shi ne a 2014 alƙaluman suka ƙi haɗuwa. Amma maganar Allah, wanda ya ƙirƙiri wannan abu injiniya ne na gaske. Kuma har gobe ba motar da ta kai Golf juriya. Ku je tasha ku ƙirga Golf da Sharon.

Ɗan Damagaram: Oga, juriya ko arhar kayan gyara? Mu nan Toyota muka sani. Ka shiga hanyar Agadas da Golf ka gani.

Oga Makanike: Wa ya ce maka don rairayi aka yi ta? Kowace mota da hanyarta.

Malam Na Ƙofar Mata: Duk yara ne ku. Wanda bai hau Fijo 504 haɗin Kaduna ba bai san mota ba.

Maman Sadik: Haba maza! An kori bawan Allah da jariri a gida, kun koma musun mota. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Makiyayin da shanunsa suka cinye gonar mutane zai ce bai gani ba?

Baban Ummi: Hajiya, hadisin cewa ya yi dukkanku. Yaron ma makiyayi ne a kan sikelinsa.

Akanta: Hajiya, abin takaicin shi ne can ɗin ma haka aka yi. Shugaban reshensu na Amurka, Michael Horn, ya je gaban majalisa a Oktoba 2015 ya ɗora abin a kan wasu 'yan injiniyoyi. James Liang, injiniya, ya samu ɗaurin wata 40. Oliver Schmidt, wani manajansu, an kama shi a Miami a Janairu 2017, ya samu shekara bakwai. Winterkorn kuwa Amurka ta tuhume shi a 2018, yana zaune a Jamus. A 2021 ya yarda ya biya kamfanin yuro miliyan 11.2. Shari'arsa sai Satumba 2024 aka fara, yana musanta tuhumar, aka kuma dakatar saboda rashin lafiya. Shi ya sa na ce a daina kiran abin murabus.

Ɗan Sito: To ai wannan ita ce maganata tun farko!

Akanta: A'a, kai ka ce murabus.

Ɗan Sito: Innalillahi.

Baban Ummi: To dare ya yi, bari in taƙaita. An tabbatar mutumin murabus ya yi, Malam ya kawo tarihi, Akanta bai kawo hujja ba. An kuma yi ittifaƙi cewa kowa makiyayi ne, don haka wanda hannunsa ke kan sikeli shi zai fara amsawa. Ni shekarata 14 ina riƙe da ma'aikata, na san babba juji ne, ba zai yiwu manaja ya tsaya kan kowane buhu ba. Yaro in an sa shi abin da bai dace ba sai ya ƙi. Ɗan Sito ka yi haƙuri, kuma ka rage kawo sirrin wurin aikinka cikin jama'a. An rufe.

Akanta: Alhaji, ittifaƙin da wa aka yi?

Maman Sadik: Ɗan Sito ka yi mini magana ta gefe, ƙanena yana neman yaron shago.

Ɗan Damagaram: Ɗan Sito, shi buhun mai kilo 47 ɗin nawa kuke sayarwa?