Neman shawara: ku koya min foka, na gaji da zama ɗan kallo

Ɗalibi a Amurka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a jihar Texas. Duk daren Juma'a abokan ɗakina suna buga kartar foka da 'yan kwabban roba, ba kuɗi a ciki, sai dai wanda kwabbansa suka fara ƙarewa shi ke wanke kwanuka. Ni wot kaɗai na iya tun daga gida. Sun yi min bayani da sauri, ban kama komai ba. Daga ina zan fara?

Bakano: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara ajiye wot gefe, nan ba a tseren ƙarar da kati. Ina kyautata zaton Texas Hold'em suke yi, shi ya fi yaɗuwa. Kati 52 ne. Za a ba kowa biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Daga cikin bakwai ɗin nan kake haɗa biyar mafi ƙarfi. Ana zuba kwabbai sau huɗu, da zarar an raba katin hannu da kuma bayan kowace shimfiɗa. In layi ya zo kanka, ko ka biya daidai abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka ajiye katinka ka janye. In ba wanda ya zuba, kana iya wucewa ba ka sa komai ba.

Ɗan Damagaram: Ka haddace jerin ƙarfi, daga ƙasa: kati mafi girma in ba wani haɗi, biyu masu lamba ɗaya, irin haka sau biyu, uku masu lamba ɗaya, biyar a jere, biyar masu zane ɗaya (wato alamar jikin katin), uku masu lamba ɗaya haɗe da biyu masu wata lamba ɗaya, huɗu masu lamba ɗaya, sai biyar a jere kuma zane ɗaya. Sababbi sun fi rikicewa a tsakiya: zane ɗaya ya fi jere ƙarfi.

Bakano: Jerin nan kwana ɗaya ya ishe ka. Abin da ke da wuya shi ne janyewa. Sabon shiga yana jin kunyar ajiye kati, sai ya bi kowane zagaye har a kwashe shi. Gwanaye kuwa yawancin katin da aka ba su ajiyewa suke yi tun farko. Kuma kana iya ci da katin banza in ka zuba da yawa kowa ya tsorata ya janye, ba ma sai ka nuna ba. Amma kada ka gwada wa mai taurin kai.

Ɗan Damagaram: In ka ga an ba ka huɗu a hannu, nau'in fokar da ake kira Omaha ke nan, kuma dole ka yi amfani da biyu cif daga hannunka da uku daga tsakiya. Akwai Seven Card Stud, babu katin tsakiya, kowa bakwai ɗinsa, uku a rufe huɗu a buɗe.

Hajiya Babba: Yaro, duk na ji. Amma wasan nan asalinsa na kuɗi ne, babbar gasarsa ma a Las Vegas ake yin ta tun 1970. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri guda. Wankin kwanukan nan ma ai wani abu ne aka ɗora a kan wasan, ka tambayi malaminka a kai. Ranar da wani ya ce a sa dala ɗaya don a ji daɗi, ka tashi.

Ɗalibi a Amurka: Na gode Hajiya, zan ce a raba wankin bi da bi. Yaya Bakano, in ni da wani muka tashi da biyu masu lamba ɗaya fa?

Bakano: Mai babbar lamba ya ci. In lambar ɗaya ce, a duba kati mafi girma a sauran ukun. In duk biyar ɗin sun yi daidai, ku raba kwabban.