Ko gaisuwa ban iya da Sifaniyanci ba, in tafi makarantar ƙasar waje kai tsaye?

Ɗalibar Gobe:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da hutun wata biyu, ina so in koyi Sifaniyanci a irin makarantun nan na ƙasashen masu harshen, inda ake tsunduma ɗalibi ciki tsundum, malami ba ya yi masa magana da wani yare. Sai dai ban taɓa koyo ba ko kaɗan. Shin mai farawa daga tushe zai amfana, ko zubar da kuɗi ne? Sifaniya ta fi ko Latin Amurka? Kuma a sati takwas ina mutum zai kai? Masana a taimaka.

Malamin Harsuna:

Wa alaikumus salam Malama. Za ki amfana, amma kada ki sauka daga jirgi hannu rabbana. Ki ware sati huɗu zuwa shida kafin tafiya, rabin awa kullum. Ki koyi sautin haruffa, ƙirga zuwa 100, faɗin lokaci, kalmomi kamar 300 na yau da kullum, da yadda ake sarrafa fi'ilan ser, estar (duka biyun kasancewa), tener (mallaka), ir (tafiya) da querer (so) a lokacin yanzu. Ki haddace "no entiendo", wato ban gane ba, da "más despacio, por favor", wato a rage sauri. Wanda bai yi haka ba, satinsa na farko kacokan yana tafiya ne a kan abin da zai iya koya kyauta a wayarsa, ga shi a masaukinsa ya zama kurma, ana magana yana gyaɗa kai.

Batun inda za ki kai: makarantu suna bin matakai shida, daga A1 zuwa C2. Kwas mai zafi yawanci darasi 20 ne a sati, wato 160 a sati takwas. Mai himma zai gama A1 ya yi nisa a A2: ya yi ciniki, ya tambayi hanya, ya ba da labarin abin da ya yi jiya. Ba zai iya muhawara ko bin labaran rediyo sosai ba. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ma ta taɓa ƙiyasta awa 600 zuwa 750 a aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da harshen. Duk wanda ya ce za ki ƙware a wata biyu, tallarsa yake yi.

Tambayoyi biyu kafin ki biya. Darasinsu minti nawa ne? Wasu 60, wasu 45, kuma darasi 20 na minti 45 awa 15 ne kacal. Sannan wace rana ajin sababbin shiga yake farawa? Masu ɗan sani suna shiga kusan kowace Litinin bayan gwajin tantance mataki, amma ajin tushe yana da ranakunsa na musamman. In kika kuskure, sai a cusa ki cikin waɗanda suka riga ki da sati biyu.

Mai Shirya Tafiye-tafiyen Karatu:

A ganina Gwatamala, a Latin Amurka, ta fi dacewa da mai farawa. Tsarin da aka saba a Antiguwa da Quetzaltenango, wadda ake kira Shela, shi ne malami ɗaya ɗalibi ɗaya, awa huɗu ko biyar a rana, Litinin zuwa Juma'a, kuma ya fi na Turai araha nesa ba kusa ba. Mutanen ƙasar suna magana a natse, ba sa haɗiye haruffa da yawa. Antiguwa cike take da 'yan yawon buɗe ido, Turanci zai yi ta bin ki har kantin shayi. Shela ta fi ƙarancin baƙi, amma tana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300, dare akwai sanyi, a tafi da rigar sanyi mai kauri. Ana biya sati-sati, don haka ki fara da sati biyu, in malamin bai yi miki ba ki nemi a sauya. Ba abin kunya ba ne, sun saba.

In Sifaniya ce, aji ne na rukuni, kuma ki duba ko Instituto Cervantes, cibiyar gwamnatin Sifaniya mai kula da koyar da harshen, ta amince da makarantar. Salamanka da Bayadolid sun yi suna wajen lafazi a fili. A kudu, irin su Malaga da Sabiya, ana haɗiye "s" na ƙarshen kalma, kunnen sabon shiga yana shan wuya. A Barsalona kuma za ki riƙa jin Katalanci gefe da gefe. Bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai irin su Sifaniya, ta gajeren zama kwana 90 ce cikin 180, wata biyunki ya shiga ciki. Ki sa masu makarantar su rubuta miki nawa za su mayar in ba a ba ki biza ba.

Baba Mai Nahawu:

Ɗan'uwa, ban goyi bayanka gaba ɗaya ba. Awa biyar fuska da fuska da malami ɗaya tana gajiyar da mai farawa, bayan awa ta uku babu abin da ke shiga. Malamin kuma yana sabawa da kurakuranki har ya riƙa gane ki, sai ki fita titi ki ga ba mai gane ki. Awa huɗu da hutu a tsakiya ta isa, kuma a sauya malami duk bayan sati biyu ko uku, ko da kina jin daɗinsa.

'Yata, mai jin Hausa yana da gata a harshen nan. Wasulansu biyar ne kamar namu, ana karantawa yadda aka rubuta. Kaɗa harshe a "r" na perro, wanda Turawa ke fama da shi wata da watanni, ke kin taso da shi. Jinsin namiji da tamace ma ba baƙo ba ne, yawancin kalmomin da suka ƙare da "a" tamace ne, sai 'yan kaɗan irin día da problema.

Inda muke tuntuɓe shi ne "p" da "f". A wurinsu sauti biyu ne daban: puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa. Ki tsaya gaban madubi minti biyar kullum. A "p" leɓɓa biyu su rufe ruf sannan su buɗe, a "f" haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa iska na fita. Sai wurin nauyin murya: hablo ina magana, habló ya yi magana. Ki haddace kowace kalma da nauyinta tun ranar farko, gyara daga baya ya fi wuya.

Can wajen sati na huɗu ko na biyar za a kawo lokutan baya guda biyu, pretérito da imperfecto, sai ki ji kamar kin koma baya. Kowa yana shiga wannan. Maganinsa rubuta jimla goma kowane dare a kan yadda yininki ya kasance, malami ya gyara da safe.

Ɗalibar Gobe:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To masauki fa, gidan iyali ko ɗakin ɗalibai?

Anti Mai Masauki:

Gidan iyali, ƙanwata, babu ja. A ɗakin ɗalibai Turanci ake yi daga safe har dare. Amma ki tambaya ɗalibai nawa ne a gidan, don wani gidan mai ɗalibai shida otal ne a fakaice. Ki nemi mai ɗaya ko biyu, inda ake cin abinci tare da masu gida a teburi ɗaya, domin hirar teburin nan darasi ce ta biyu.

Abin da ba kya ci, ki rubuta wa makaranta tun kafin ki iso. Cewa ba kya cin cerdo, wato alade, kawai bai wadatar ba, ki ambaci jamón (cinyar alade da aka sarrafa) da chorizo (tsiran alade) da manteca (kitsen alade), domin ana soya wake da kitsen alade a gidaje da yawa ba tare da an ɗauke shi nama ba. A Sifaniya abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare tara ko goma.

Da yamma ki nemi abokiyar intercambio, wato musayar harshe, rabin awa Sifaniyanci, rabin awa Turanci. In kina son takardar shaida, ta jarrabawar Sifaniyanci ta DELE ba ta tsufa amma ranakunta ƙayyadaddu ne, ana rufe rajista makonni kafin jarrabawa, don haka ki duba jadawalin kafin ki yanki tikiti. Ɗaya jarrabawar, SIELE, a kwamfuta ake yin ta, ta fi sauƙin samun rana, amma shekara biyar take aiki.